Ken Saro-Wiwa

Kenule Beeson Saro-Wiwa, wanda aka fi sani da Ken Saro-Wiwa (an haife shi ranar 10 ga Oktoba, 1941, ya mutu ranar 10 ga Nuwamba, 1995), marubuci ne ɗan Najeriya, mai shirya wasan kwaikwayo na talabijin, ɗan kasuwa, kuma ɗan fafutukar kare muhalli daga ƙabilar Ogoni ta Jihar Ribas. Shi ne ya jagoranci ƙungiyar MOSOP, wadda ta tsaya a kan cewa malalar ɗanyen mai da ƙona iskar gas sun kashe gonaki da ruwan kamun kifi na Ogoni, kuma ɓarna ce da za ta daɗe ba ta gyaru ba. Gwamnatin soja ta Janar Sani Abacha ta rataye shi tare da mutum takwas a Fatakwal, bayan wata kotu ta musamman ta ɗora musu alhakin kisan wasu manyan Ogoni huɗu, a shari'ar da lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na gida da waje suka ce babu adalci a cikinta. Shekara 16 bayan mutuwarsa, binciken Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ya gano cewa tsaftace ƙasar Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30.

Asali da karatu

An haife shi a garin Bori, babban garin Ogoni, amma asalin gidansu a ƙauyen Bane yake, cikin Ƙaramar Hukumar Khana ta yanzu. Mahaifinsa, Cif Jim Beeson Wiwa, ya yi aikin gandun daji da kasuwanci, kuma ya yi tsawon rai har ya ga kisan ɗan nasa. Kalmar Saro da ke cikin sunan tana nufin ɗan fari ne a harshen Khana, harshen da Ken ya tashi da shi. Khana ɗaya ne daga harsunan Ogoni, tare da Gokana da Eleme da Tai da Baan. Masana kimiyyar harshe suna saka su a rukunin harsunan Kuros Riba na dangin Binuwai-Kwango, ke nan ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne da Ijo ko Ibo da suke maƙwabtaka da su. Wannan bambancin harshe yana cikin abin da Ogoni suka riƙe hujja cewa su al'umma ce mai zaman kanta.

Ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Umuahia a shekarar 1954, makarantar da Chinua Achebe da Elechi Amadi suka yi kafin shi. Daga nan ya wuce Jami'ar Ibadan, ya karanta Turanci, ya kammala a 1965. Tun yana ɗalibi yake cikin harkar wasan kwaikwayo. Ya ɗan yi koyarwa a makarantun sakandare, sannan ya kama aiki a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka.

Yaƙin basasa da aikin gwamnati

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ƙasar Ogoni ta faɗa cikin yankin da Biyafara ta ce nata ne. Saro-Wiwa bai goyi bayan ɓallewar ba, don yana ganin ƙananan ƙabilun bakin teku ba su da wata makoma a ƙarƙashinta. A watan Satumba na shekarar ya sulale ta kwalekwale zuwa Bonny, ya wuce Legas, ya bi ɓangaren Gwamnatin Tarayya. Aka naɗa shi kantoman farar hula na Bonny yana ɗan shekara 26, garin da ke da babbar tashar lodin ɗanyen mai. Daga bisani ya zama kwamishina a sabuwar Jihar Ribas ƙarƙashin gwamnan soja Alfred Diete-Spiff, inda ya riƙe ma'aikatu da dama, ciki har da ta ilimi. An sallame shi a 1973, saboda yadda ya matsa a kan maganar 'yancin Ogoni na gudanar da al'amuransu.

Bayan barin gwamnati ya koma kasuwanci, ya buɗe kantunan kayan masarufi, ya shiga harkar gidaje da filaye, ya yi arziki daidai gwargwado. Da wannan dukiya ya kafa kamfanin ɗab'i na Saros, wanda ya buga yawancin littattafansa. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ba shi muƙamin darakta a hukumar wayar da kan jama'a ta MAMSER, amma bai daɗe ba ya ajiye.

Rubuce-rubuce

Littafinsa da ya fi shahara shi ne Sozaboy, na 1985, labarin wani yaro karen mota da ya shiga soja don sha'awar kaki, ya fita daga yaƙi ba uwa ba mata ba gari. Abin da ya sa ake karantar da littafin a jami'o'i shi ne harshensa. Marubucin ya haɗa Turancin buroka, da gurguwar Turanci irin ta wanda ya tsaya a firamare, da ɓurɓushin daidaitaccen Turanci, ya kira haɗin ruɓaɓɓen Turanci. Ba harshen da wani ke magana da shi a titi ba ne kai tsaye, ƙirƙira ce ta adabi, kuma hargitsin nahawun yana tafiya daidai da hargitsin ƙasar da yaron ya samu kansa a ciki. Masu nazarin cuɗanyar harsuna a Najeriya sukan kafa misali da shi.

Talakawa kuwa ta talabijin suka san shi. Wasansa na barkwanci, Basi and Company, ya yi shekaru ana nuna shi a tashar NTA daga tsakiyar shekarun 1980, yana zolayar ɗabi'ar son yin kuɗi dare ɗaya. Ya rubuta tarihin yaƙin basasa ta fuskar ƙananan ƙabilu, da gajerun labarai, da waƙoƙi, da littattafan yara, ya kuma riƙe shugabancin Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, a farkon shekarun 1990. A 1992 ya fitar da ɗan littafi mai suna Genocide in Nigeria, inda ya kira abin da ke faruwa da Ogoni kisan ƙare dangi. Kalmar ta yi nauyi, kuma har wasu masu goyon bayansa suna ganin ya kai ta inda ba ta kai ba. Shi dai hujjarsa ita ce, mutanen da ba su da sana'a sai noma da su, idan aka kashe musu ƙasa da ruwa, an kashe su ko ba a harbi kowa ba.

Ƙasar Ogoni da man fetur

Ƙasar Ogoni ba ta da girma, kusan murabba'in kilomita 1,000 ce a kudu maso gabashin Fatakwal, a ƙananan hukumomi huɗu: Khana, Gokana, Tai da Eleme. Tana da yawan jama'a ƙwarai, kimanin mutum 500,000 a lokacin da aka kafa MOSOP, kuma ƙidayar 2006 ta kai su sama da 830,000. Tudunta ana noma doya da rogo da kwakwar manja, gangarenta kuma ƙoramu ne da ruwan teku ke shiga yana fita kullum, cike da itatuwan mangurof, waɗanda ke tsirowa cikin taɓo da ruwan gishiri. A cikin saiwoyin waɗannan itatuwa kifi ke ƙyanƙyasa, nan ne kuma mata ke tsintar ƙaguwa da jatan lande da dodon koɗi. Mai karatu daga ƙasar Hausa zai fi gane yanayin idan ya tuna fadamun Haɗeja, inda manomi da masunci suka dogara ga ruwa ɗaya, abin da ya taɓa ruwan ya taɓa kowa.

An fara samun mai na kasuwanci a Najeriya a Oloibiri a 1956, sai kuma a 1958 kamfanin Shell-BP ya same shi a Bomu, cikin Gokana. Rijiyoyi suka yawaita, bututu suka ratsa gonaki da ƙofar gidaje, da yawansu a saman ƙasa ba a binne ba, ga wutar gas tana ci dare da rana kusa da ƙauyuka. Matatar man Fatakwal a Eleme take, haka ma tsohon kamfanin takin zamani na NAFCON da ya yi aiki a Onne, wanda manoman Arewa suka san buhunansa. Duk da haka, a wancan lokacin yawancin ƙauyukan Ogoni ba su da wutar lantarki ko ruwan famfo.

Malala biyu na kusan 1970 su ne suka fi zama abin misali. A watan Yuli na 1970 wata rijiya ta yi bindiga a Bomu, mai ya yi makonni yana tsiri yana zuba a gonaki da rafukan mutanen Dere. Saro-Wiwa yana kwamishina a lokacin. Ɗayar kuma a Ejama-Ebubu ce cikin Eleme, inda babban bututu ya fashe, mai ya malale daji, wuta ta kama shi, ta bar ɓawon kwalta mai kauri a kan ƙasa. Shell ya ce wasu ne suka fasa bututun a lokacin yaƙi, mutanen garin suka ce ba haka ba ne. Abin da ba a musu a kai shi ne wurin bai farfaɗo ba.

Ga kuma maganar rabon kuɗi. A lokacin samun 'yancin kai, yankin da aka haƙo ma'adini yana samun kashi 50 cikin 100 na kuɗin haya da na haƙƙin mallaka. Gwamnatocin da suka biyo baya suka yi ta rage kason har ya koma kashi 1.5 a shekarun 1980, sannan aka ɗaga shi zuwa kashi 3 a 1992. Sauran yana shiga asusun tarayya a raba wa kowa. Saro-Wiwa ya sha sukar yadda ake ƙara jihohi da ƙananan hukumomi a yankunan manyan ƙabilu, don kowace sabuwar jiha sabon kwano ne a wajen rabon. Jihohin da aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta, 1991, irin su Jigawa mai hedikwata a Dutse, da Kebbi da Yobe da Osun da Abiya, mafi yawan abin da suke biyan albashi da yin ayyuka da shi daga wannan asusu yake fitowa. Ta nan ne maganar gurɓatar rafin Ogoni ta shafi wanda bai taɓa ganin rijiyar mai ba. Sai a tsarin mulkin 1999 aka mai da kason jihohin mai aƙalla kashi 13.

Kafa MOSOP

A watan Agusta na 1990 sarakuna da manyan Ogoni suka sa hannu a wata takardar neman haƙƙi, wadda Saro-Wiwa ne ya tsara ta. Ta nemi a bar Ogoni su tafiyar da al'amuransu a cikin Najeriya, a ba su kaso mai ma'ana na arzikin ƙasarsu, a raya harsunansu, a kuma kare muhallinsu daga ƙarin lalacewa. Aka kafa MOSOP, wato ƙungiyar fafutukar ceto al'ummar Ogoni, Dokta Garrick Leton yana shugaba, Saro-Wiwa yana kakaki. Gwamnati ta yi kunnen uwar shegu da takardar.

Daga nan ya juya ga ƙasashen waje. A watan Yuli na 1992 ya yi jawabi a gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yan asalin ƙasa a Jeniba, ya kuma jawo hankalin ƙungiyoyin muhalli da masu ɗaukar fim na Turai, waɗanda a da ba su cika kallon Neja Delta ba. A ƙarshen shekarar MOSOP ta ba Shell da Chevron da NNPC wa'adin kwana 30 su biya dala biliyan 10, biliyan 6 na haƙƙin man da aka kwashe, biliyan 4 diyyar ɓarnar muhalli. Da wa'adin ya cika ba amsa, ranar 4 ga Janairu, 1993, kimanin mutum 300,000 suka fito zanga-zangar lumana a faɗin Ogoni riƙe da ganye, ba a zubar da jini ba. Har yau Ogoni suna bikin wannan rana. A cikin shekarar Shell ya janye ma'aikatansa, ya daina haƙo mai a Ogoni.

Lamarin bai tsaya a lumana ba. A ƙarshen Afrilu na 1993 sojojin da ke gadin wani kamfanin shimfiɗa bututu suka buɗe wuta a kan manoman Biara da suka fito hana a tattake musu amfanin gona. Sai kuma ɓaraka ta kunno kai a cikin MOSOP kan zaɓen 12 ga Yuni. Saro-Wiwa da matasa suka ce a ƙaurace, Leton da Edward Kobani suka ƙi, suka ajiye muƙamansu, shugabanci ya koma hannun Saro-Wiwa. Dattawan suka zarge shi da sakar wa reshen matasa mara, har suna tsoratar da duk wanda ake ganin yana ɗasawa da gwamnati ko kamfani. An kama shi ranar 21 ga Yuni, aka tsare shi wata ɗaya da kwana ɗaya, abin da ya zama sunan littafin da ya rubuta kan zaman. Daga tsakiyar shekarar aka yi ta kai wa ƙauyukan Ogoni hare-hare da sunan rikici tsakaninsu da maƙwabtansu Andoni, mutane da yawa suka mutu, kuma MOSOP ta ce irin makaman da aka yi amfani da su sun nuna akwai hannun jami'an tsaro.

Kamu, shari'a da kisa

Janar Abacha ya karɓi mulki ranar 17 ga Nuwamba, 1993. A farkon 1994 aka kafa rundunar tsaro ta musamman a Jihar Ribas ƙarƙashin Manjo Paul Okuntimo, lokacin Laftanar Kanar Dauda Musa Komo yana kantoman jihar. Ranar 21 ga Mayu, 1994, wasu gungun matasa suka afka wa wani taro a Giokoo cikin Gokana, suka kashe Edward Kobani da Albert Badey da Samuel Orage da Theophilus Orage, dukkansu manyan Ogoni da suka saɓa da Saro-Wiwa. Shi ba ya wurin, don jami'an tsaro sun tare shi a hanya sun mai da shi Fatakwal tun kafin abin ya faru. Duk da haka aka kama shi washegari, aka ce shi ya tunzura matasan. Rundunar Okuntimo ta shiga ƙauyuka tana kame da duka da ƙone-ƙone, kamar yadda ƙungiyoyin Amnesty da Human Rights Watch suka tattara shaida.

Ya yi wata da watanni a tsare kafin a gurfanar da shi a watan Fabrairu na 1995 gaban wata kotu ta musamman mai mutum uku, ƙarƙashin Mai Shari'a Ibrahim Auta, da hafsan soja ɗaya a ciki, Laftanar Kanar Hameed Ali. Kotun ba a ɗaukaka ƙararta, majalisar mulkin soja kaɗai ke tabbatar da hukuncinta. Biyu daga cikin shaidun gwamnati suka rantse daga baya cewa an ba su toshiyar baki ne don su yi ƙarya. Lauyoyin da ke kare shi, ƙarƙashin Gani Fawehinmi, suka janye a watan Yuni, suna cewa an riga an yanke hukunci tun kafin a saurare su. Wani babban lauyan Birtaniya da ya zauna a kotun a matsayin ɗan kallo, Michael Birnbaum, ya rubuta rahoto cewa shari'ar ba ta cika sharuɗɗan adalci ba. Yana tsare aka ba shi kyautar Right Livelihood ta 1994 da kyautar muhalli ta Goldman ta 1995.

A ƙarshen Oktoba aka yanke wa mutum tara hukuncin kisa, aka sallami shida, ciki har da mataimakinsa Ledum Mitee. Majalisar soja ta tabbatar ranar 8 ga Nuwamba, aka rataye su ranar 10 ga wata a gidan yarin Fatakwal. Sauran takwas ɗin su ne Barinem Kiobel, John Kpuinen, Baribor Bera, Saturday Dobee, Nordu Eawo, Daniel Gbooko, Paul Levera da Felix Nuate. Kisan ya zo daidai lokacin taron ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila a Auckland, inda Nelson Mandela ya matsa aka dakatar da Najeriya washegari, dakatarwar da ba a ɗage ba sai ranar 29 ga Mayu, 1999. Rikicin ya kai har filin ƙwallo, domin Najeriya ta ƙi zuwa kare kofinta na Afirka a Afirka ta Kudu a 1996, aka kuma hana ta buga na 1998. A 1998 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta yanke cewa shari'ar da kisan sun saɓa wa yarjejeniyar da Najeriya ta sa wa hannu. Sai a 2005 iyalinsa suka samu ƙasusuwansa suka binne.

Abin da bincike ya gano bayan mutuwarsa

A lokacin rayuwarsa an sha cewa yana zuzuta ɓarnar, kuma ba shi da awon kimiyya da zai kare kansa da shi, sai hotuna da abin da ido ke gani. Awon ya zo ranar 4 ga Agusta, 2011, a rahoton da UNEP ta miƙa wa Shugaba Goodluck Jonathan. Masu binciken sun yi wata 14 a fili, sun duba wurare sama da 200, sun bi kilomita 122 na hanyar bututu, sun ɗebi samfur sama da 4,000 na ƙasa da ruwa da iska, sun kuma yi cikakken awo a wurare 69.

A wurare 49 an samu mai ya nutse cikin ƙasa zurfin aƙalla mita 5. A Nisisioken Ogale, cikin Eleme, an samu tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma rijiyoyin da mutane ke sha suna ɗauke da sinadarin benzin, mai haddasa cutar daji, sama da ninki 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince. An samu gurɓatattun rijiyoyi 28 a garuruwa 10. A Ejama-Ebubu kuwa, shekara 40 bayan malalar, kuma bayan an sha cewa an tsaftace wurin, mai yana nan jibge.

Rahoton ya bayyana dalilin daɗewar. Ruwan sama yana da yawa a Ogoni, don haka duk man da ba a kwashe da wuri ba, ruwa zai wanke shi zuwa ƙorama, tasowar teku kuma ta raba shi lungu-lungu. Idan ya shiga taɓon mangurof sai ya lulluɓe saiwoyin da itatuwan ke numfashi da su, su mutu, makwancin kifi ya tafi tare da su. Cikin taɓon babu iska, ƙwayoyin halittar da ke cinye mai ba sa aiki sosai, sai man ya zauna shekara da shekaru. A tudu kuma, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, ba kamar jigawar ƙasar Hausa ba inda mai haƙa rijiya ke yin nisa kafin ya tadda ruwa. An daɗe ana zaton akwai shimfiɗar yumɓu da ke tare mai kada ya sauka, shi ya sa hanyar tsaftacewar da aka saba ita ce a kafce saman ƙasa a juya ta, a bar rana da iska su yi sauran. UNEP ta gano shimfiɗar ba ta game ko'ina ba. Ke nan ana iya ganin ciyawa ta tsiro kore shar a sama, alhali guba tana ƙasa tana bin jijiyar ruwa zuwa rijiyoyi.

Wani abin lura shi ne an daina haƙo mai a Ogoni tun 1993, amma malala ba ta daina ba. Babban bututun da ke kai mai Bonny daga wasu yankuna yana ratsa ƙasar har yanzu, ga tsofaffin rijiyoyi da aka bari ba a rufe su yadda ya kamata ba. Rahoton bai kuma wanke mutanen yankin ba, domin ya nuna yadda fasa bututu da tace mai ta haramtacciyar hanya a cikin daji suke ƙara kashe mangurof. Shell ya daɗe yana cewa yawancin malalar daga sata da zagon ƙasa take, Amnesty kuma tana cewa hanyar da ake tantance musabbabin tana hannun kamfanonin ne da kansu. UNEP ta kiyasta cewa gurɓatattun wurare na tudu za a iya gyara su cikin shekara 5, amma fadamu da mangurof sai sun kai shekara 30, ta kuma nemi a ware dala biliyan 1 don shekara biyar na farko.

Ogoni ɗan yanki ne kawai na Neja Delta. Wani rahoton hukumar UNDP na 2006 ya ƙirga malala 6,817 daga 1976 zuwa 2001, kimanin ganga miliyan 3, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 ba a kwashe ba. Wani bincike da Anna Bruederle da Roland Hodler suka wallafa a 2019 ya nuna cewa idan mai ya malala tsakanin kilomita 10 da gidan mace kafin ta ɗauki ciki, haɗarin mutuwar jaririnta a watan farko yana ninkawa.

Diyya, tsaftacewa da afuwa

Iyalan waɗanda aka kashe sun kai ƙarar Shell a Amurka a 1996, suna zarginsa da haɗa baki da sojoji. A watan Yuni na 2009, ana gab da fara sauraro, kamfanin ya biya dala miliyan 15.5 ba tare da amsa laifi ba. Ƙarar da matar Barinem Kiobel ta shigar ba ta yi nasara ba, a Kotun Ƙolin Amurka a 2013 da kuma a Holan a 2022.

Shari'o'in malalar kanta sun fi samun nasara, ko da yake a makare. Bututu ya fashe sau biyu a Bodo cikin Gokana a 2008, mai ya yi makonni yana zuba. Shell ya fara cewa ganga 4,000 ce duka, masanan da mutanen garin suka ɗauka suka ce ta kai 500,000. A Janairun 2015 aka sasanta a Landan kan fam miliyan 55, miliyan 35 ga masunta da manoma 15,600, miliyan 20 ga gari. A Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta Holan ta ɗora wa reshen Shell na Najeriya alhakin malalar Goi da Oruma. A watan Agusta na shekarar kamfanin ya amince ya biya mutanen Ejama-Ebubu naira biliyan 45.9, kimanin shekara 50 bayan man ya zuba. Idan aka kwatanta da Amurka, inda BP ya amince da biyan dala biliyan 20.8 shekara biyar kacal bayan malalar Tekun Meziko ta 2010, za a ga tazarar.

Gwamnati ta kafa hukumar tsaftacewa ta HYPREP a 2012, amma sai ranar 2 ga Yuni, 2016 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da aikin a Bodo, lokacin Amina Mohammed tana ministar muhalli. 'Yan kwangila ba su shiga fili ba sai 2019, kuma an yi ta ƙorafi cewa da yawansu ba su da ƙwarewar aikin. Hukumar ta ce ta kammala wasu wurare, ta dasa mangurof, ta kai ruwan famfo wasu garuruwa. A watan Maris na 2025 Shell ya kammala sayar da reshensa na kan tudu ga kamfanin Renaissance, abin da ya tayar da tambayar wa zai ɗauki nauyin tsohuwar ɓarnar.

Ranar 12 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da afuwa ga Saro-Wiwa da sauran takwas ɗin, tare da lambobin girmamawa na ƙasa, a daidai lokacin da gwamnati ke tattaunawa da shugabannin Ogoni kan komawa haƙo mai. Wasu daga iyalansu da ƙungiyoyin kare haƙƙi sun ce afuwa ta mai laifi ce, abin da suke nema shi ne a wanke su gaba ɗaya. Iyalan manyan nan huɗu da aka kashe a Giokoo su ma sun daɗe suna ƙorafin cewa duniya ta manta da nasu mamatan. Babban ɗansa, ɗan jarida Ken Wiwa, ya mutu a 2016. 'Ya'yansa mata tagwaye, Noo da Zina, ɗaya marubuciya ce, ɗaya mai shirya fim.